Masu Ƙirge

Litinin zuwa Juma'a, iri nake ƙirgawa.
A Samaru, ɗakin gwaji na bayan rumbun gyaɗa,
ƙwaya ɗari a faranti, bisa jiƙaƙƙiyar takarda,
bayan mako in leƙo in ga nawa suka tsira.
Tamanin da uku, in rubuta tamanin da uku.
Ban taɓa yi wa dawa kara ba
don mai gonar abokina ne.

Yau Asabar an rataya mini falmaran da ta fi ni faɗi,
an dasa ni gindin rimi,
a wata firamare kusa da Ƙofar Kuyambana,
teburi mai ƙafa uku, ta huɗun bulo.

Shugabarmu Ebiere ce, 'yar bautar ƙasa,
daga garin da ake zuwa kasuwa a kwalekwale.
Duwatsu ta karanta a jami'a.
Da hantsi ta tsaya tana hangen Kufena
kamar wadda ta ga dangi a tasha.
Hausarta kalma goma ce, ciki har da "haƙuri",
ita ta yi ta rabawa har azahar.

Na'ura tana hannun Tanimu,
difloma biyu a akwati, rumfa ɗaya a PZ,
inda yake farke cikin waya da tsinken ƙarfe.
Tawada kuwa Tasalla aka ba,
ungozoma ce, ta ajiye aiki bara waccan.
Rabin layin nan ita ta yanke musu cibi.
Takan kama yatsa ta ce,
"Kai ne na Laraba, wanda ya zo ta ƙafa?"
Ƙato da gemunsa sai ya sunkuyar da kai.

Habila ba a ɗauke shi aiki ba, shi ya kawo kansa.
Shekara talatin yana ɗaga tuta a tashar Sabon Gari,
jirgi ya rage zuwa, hannun bai samu labari ba.
In ya ɗaga, layi ya tsaya.

Sai ga Malam Barau, maɗinkin aska takwas.
Ya dangwala, na'ura ta ce ba ta san shi ba.
Tanimu ya goge gilashi da bakin riga. Ta ƙi.
Ya juya yatsan ya duba:
sumul kamar bayan cokali,
allura ta cinye zanen tun ba a haifi Tanimu ba.
Duk wuyan rigar da ke layin ya san wannan yatsa.
"To ɗago fuska, Baba, a matsa hular baya."
Ta yi tunani, ta yi tunani,
sannan ta amsa.

Magariba muka zazzage akwati.
Nan ne gonata.
Ina ɗagawa, ana amsawa kamar masu biya karatu,
har muka zo kan wata
da tawadarta ta hau kan layi, ƙafa nan ƙafa can.
Wakilai suka miƙe, kowa ya ce 'yarsa ce.
Na san irinta a faranti:
ƙwayar da ta tsage ba ta fid da saiwa ba.
Ba a sa ta cikin masu rai, ba a kuma jefar da ita,
gidanta daban a takarda.
Ebiere ta dube ni, ta ce "haƙuri",
ta ajiye ta gefe, ta danne da dutse.

Ɗari biyu da sha ɗaya, da wannan guda.

Cikin dare muka kai wa farfesan ƙashin shanu,
yana tara lissafi da fitilar waya a baki.
Alawus, an ce sai wani mako.
Tanimu ya goya ni a babur har Kwangila,
ba mu yi maganar wa ya ci ba,
kuɗin mai muka yi.

Litinin na buɗe faranti.
Saba'in da tara.
Na sake bi ɗaya bayan ɗaya,
tawadar Tasalla tana nan a gindin farcena.