Sunansu Ɗaya

Kaji goma sha bakwai Baba ya tsinta da asuba
a kejin waya, gefen layin dogo, Agege:
fuka-fukai a sake, zanko ya koɗe,
kashi kore kamar miyar kuka.
Ya ce, "Tabawa, ai maganin nan ne dai,
mai jan murfi, na waccan daminar.
Bara ya tashe su. Bana ko gezau."

Na ƙulle uku a leda, na hau danfo zuwa Yaba,
kwandasta na toshe hanci yana ƙirga canji.

A ɗakin gwajinmu babu zakara mai cara,
sai firji mai gurnani in an kawo wuta.
Na shafa hantar kaza a faranti,
na rufe, na bar wa dare aikinsa.
Da safe ga su sun tsiro,
ɗigo-ɗigo, kamar gero ya zube a tabarma.

Littafi ya raɗa musu suna ɗaya.
Ta gonar Ikorodu, ta Epe ta bakin ruwa,
da wadda ta biyo tirela kwana biyu daga Arewa,
a idon madubi duk sanduna ne gajeru,
kamar an tsaga kara.

Sai na'ura ta warware rubutun cikinsu,
haruffa huɗu kacal, jere ba iyaka,
na zauna ina bi da yatsa kamar mai tilawa.
A nan na ga inda zumunci ya yi rassa:
wannan ta yar da layi guda na kakanta,
waccan ta aro aya daga maƙwabciya
a kwatamin da ruwan gonaki ke haɗuwa.
Ta ukun kuwa, ta kejin Baba,
ta daɗe tana kurɓar mai jan murfi kaɗan-kaɗan
har ya zame mata koko.

Dariya ta kama ni, ni kaɗai, da safar roba a hannu.
Ashe haka Ikko ke mana.
Baba Sallau mutumin Illela ne,
mai shayin kusa da shi daga Damagaram,
mai fiɗar kaji Babarbare, ko Hausar ma tsinta ya yi,
ni kuwa a Zangon nan aka binne cibiyata,
ban taɓa ganin rijiyar garinmu ba.
Amma mai saye in ya tsaya, kira ɗaya yake yi: "Aboki!"
Duk mu waiwaya.

Bayan magariba na same shi yana wanke keji,
wando a naɗe, ruwan sabulu na bin ƙafarsa.
Ya ce, "To, malama, wace cuta ce?"
Na ce, "Ta bara ce, Baba."
Ya ce, "To me ya hana?"
Na ce, "Jikarta ce ta zo. Sunan kawai ta gada."

Ya yi shiru, yana juya kwalbar a tafinsa.
Jirgin ƙasa ya wuce, keji ya girgiza.
Ya ce, "Rubuta min na jikar a takarda,
da manyan baƙi, idona ya fara gardama."

Na rubuta.
Ban gaya masa ba
cewa ita ma, a ɗumin wani faranti a Yaba,
ta riga ta fara haihuwa.