Fatar Majemi

Shekara arba'in da ɗoriya
Baba Altine yana tsoma hannu a ruwan bagaruwa.
Fatar jar akuya ta shigo gidanmu tana wari,
ta fita dukawa na rububinta.
Ko ido rufe yakan gane wadda mahauci ya yi wa gaggawa,
ya shafa ta sau ɗaya, ya ce,
"Wagga wuƙa ta yi sauri."

Yau ga shi a gado na tara, ɗakin masu ciwon daji,
fanka tana kwashe zafin Sakkwato daga wannan lungu
tana zubawa a wancan.
Zagaye na huɗu ke nan na maganin da ake ɗura masa ta jijiya.
An gaya mana gashi zai zube, ya zube.
An gaya mana amai, mun sayi roba.
Ba wanda ya ce mana komai a kan filasta.

Fatarsa ta koma ɓawon albasa.
Ranar Talata mai aikin safe ya zo da hanzari,
mutum ashirin na jiran hannunsa, ban ga laifinsa ba.
Ya ce zafi ɗaya ya fi zafi goma,
ya kama bakin filasta ya fizge.
Ta taho da abin da ba nata ba,
faɗin murfin kwalba, ja, yana tsattsafo ruwa.

Baba bai yi ƙara ba.
Ya miƙa hannu aka ba shi filastar,
ya ɗaga ta wajen taga yana duba 'yar fatar da ta manne,
yadda yake duba kayan da zai taya a kasuwa.
Ya ce, "An ɓata ta."

Na ƙirga daga baya, da dare, da fitilar waya:
biyu a bayan hannu,
ɗaya a gwiwar hannu inda allura ta kwana uku,
a ƙirji kuma bororo sun jeru inda gumi ya taru ya rasa ƙofa,
jan shaci mai kusurwa huɗu, kamar an buga masa hatimi.
Fayil ɗin likita ya san girman ƙarin da ke cikinsa har da ɗigo.
Waɗannan ba su da layi a fayil.
Su ne kuma suka hana shi barci,
su suka mai da alwalarsa taimama.

Daren Alhamis Sista Rifkatu ce, 'yar Zuru.
Ta kai yatsa, ya riƙe mata wuyan hannu.
"Ɗiyata, tsaya. Ni majemi na.
Ba a ɗaga ta sama. Jiƙa ta tukuna.
Danne hwatar da yatsa guda, ki kwantar da abin nan baya,
ki bi inda gashi ya kwanta."
Ta dubi hannun da babu ko sili ɗaya a kai.
Ya ce, "To, bi inda yake kwanciya da."

Ta jiƙa auduga. Ta danna. Ta ja kaɗan, ta tsaya.
Ta sake jiƙawa.
Wani a gado na biyu yana kiranta, ta ce ina zuwa.
Ladanin Gawon Nama ya fara kiran assalatu
kafin filasta ta rabu da shi,
ita kaɗai, fara, ba kowa a jikinta.

Ya ce da ta zo shiyarmu da ya ɗauke ta aiki.

Kafin ta sauka ta yage kwalin magani,
ta rubuta, "Fata mai rauni, a cire a hankali,"
ta liƙa a kan ƙarfen gado
da filastar nan dai. Ƙarfe ba ya jin komai.

Akwai wata iri mai taushi, in ji ta, a kemis na bakin ƙofa.
Na je na tambayi kuɗinta, na dawo na zauna.
Gobe zan kira yayana.

Yanzu yana barci, hannun a kan cinyata, naɗe da bandeji.
Sakamakon hoto sai Litinin.
Ina kaɗa masa mafici,
ina lura kada gefensa ya taɓa shi.