Lamba Arba'in da Bakwai

Ƙarfe ukun dare a ɗakin yara,
fanka ta tsaya, sauro ya fara,
na jawo rajista da 'yar fitila,
ni Hansatu, mai jinya, mai awon jini.

A takarda ba shi da suna,
arba'in da bakwai muka laƙaba masa,
don mai haɗa lissafi kada ya san ɗan wane ne,
kada zuciya ta karkata alƙalami.
Ni kuwa na san Mudan ne, ɗan Yakasai,
mai sikila, mai tsoron allura,
mai cewa garwashi ake hurawa a ƙashinsa.
Ga uwarsa kan tabarma, idonta biyu, Uwani.

Ran da na karanta mata takardar yarda,
shafi huɗu, har yawuna ya ƙafe,
ta ce, "Sista, tsaya. Gwaji za ku yi da shi?"
Na ce gwaji ne, ba zan ɓoye miki ba.
"In ya ji sauƙi fa?" Mu rubuta.
"In bai ji ba?" Shi ma mu rubuta.
In kin ce a'a, kulawarsa na nan,
ba mai rage masa cokalin magani.

Ta daɗe tana murza bakin mayafi.
"Yayyensa biyu na binne a Ɗandolo,
ba wanda ya rubuta komai."
Ta dangwala yatsa a tawada,
ta danna har takarda ta lotsa:
"Wannan ku rubuta, kowa ya sani."

Wata goma sha takwas muna ɗiba,
kwalba kwalba, kowace da lambarta.
Wani dare wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi,
firij ya fara gumi.
Malam Labaran na ɗakin gwaji
ya sayo ƙanƙarar mai zoɓo a Ƙofar Nassarawa,
ya rungumi kula cikin adaidaita
kamar mai kai jariri Gyaɗi-gyaɗi,
yana roƙon direba ya kauce wa rami.
Ba a sa wannan cikin rahoto ba,
an ce ba ya cikin bayani.

Damina uku, sannan sakamako ya fito
da Turanci mai tauri kamar ganda.
An ga ɗan bambanci, in ji su,
ɗan kaɗan, a ƙara bincike.
Na yi tsammanin tsawa,
sai ga yayyafi a ƙarshen rani.

Na buga shafin, na hau mota Yakasai.
Na same ta tana suyar awara a zaure,
Mudan ya tafi makaranta,
kwana tara bai yi fashi ba, tana ƙirgawa.
Na shimfiɗa mata zanen,
ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero,
na ce kowane ɗigo yaro ne.
Ta ce, "Wanne ne nawa?"
Na ce wallahi ni ma ban san shi ba,
haka aka tsara, don a yi adalci.

Ta goge hannu a zani, bai gogu ba,
ta zaɓi ɗaya can gefe, shi kaɗai,
ta ɗora masa yatsa mai maiƙo.
"Wannan ne. Ba ya son cunkoso."
Tabon na nan a shafin har yau,
kusa da sunayen likitoci shida,
inda ba a rubuta Uwani.