Lansir na Bakin Binuwai

Da ruwan Binuwai ya ja da baya,
ya bar taɓo yana tsagewa kamar diddigen manomi,
can na gan shi, ƙasa da gada,
inda masunta ke kife jirage suna toshe ɓaraka.
Ganye siriri mai yatsu,
ba wanda ya shuka shi, ba wanda ya san da zamansa.
Na tsinki ɗaya na tauna,
yaji ya haura mini har hanci.
Na ce, ashe kai ne, lansir.
Daga lambun wa kakanninka suka gudo?

Da cokalin shayi na tono shi,
da saiwarsa da ƙasarsa,
na sa a gwangwanin tumatir, na ɗaure a bayan moto.
Daga gada har Rumde Ajiya
tafiyar hawainiya na yi, masu keke suna wuce ni.

Asta ta dube ni, ta dubi gwangwani.
"Wannan da ake ba da dami a sefa hamsin?"
Ban tanka ba.
Na ɗauki ƙusa na huda gindin gwangwani.

Kwana bakwai ina masa gata:
takin akuya, ruwa da safe, ruwa da azahar, ruwa da magariba,
inuwar darbejiya kada rana ta taɓa shi.
Sai ya yi ɗorawa, ya sunkuyar da kai
kamar baƙon da aka dama da sannu da zuwa.

Goggo Dudu ce ta leƙo ta katanga,
tana fama da goro da haƙora biyun da suka rage:
"Ɗan daji ne, Hamajoda, ba ɗan auta ba.
Rage ruwa, ƙara yashi.
Ya sha hantsi, da azahar ka janye shi.
Kuma ka daina kwanci a kansa kamar kaza."

Na koyi tsoma yatsa a ƙasa kafin in ɗauki buta.
Na koyi juya ganye in duba bayansa,
domin farin malam-buɗe-littafin nan mai zuwa gaisuwa
ƙwai yake ajiyewa ya tafi,
ƙwan kuwa koriyar tsutsa ce mai ci ba bisimilla.
Goma sha ɗaya na cire ran wata Talata,
na zuba wa zakaran Asta.

Akuyar maƙwabci ta cinye rabinsa.
Ban yi faɗa ba.
To, na yi, amma kaɗan.
Daga inda aka cije shi ya sake toho, har ya fi da.

Sai wata asuba cikin sanyi,
fure.
Fari, ƙanƙane kamar ƙwayar gero,
kunnuwa huɗu suna fuskantar juna.
Sai da na sa tabarau na durƙusa.
Asta ta fito da tsintsiya ta same ni a haka,
ta ce in salla nake yi, alƙibla ba can take ba.
Ta jingine tsintsiyar, ita ma ta durƙusa.

Zafin Garwa ba ya jin roƙo.
Da Maris ta kama, a tsaye ya bushe,
ya bar 'yan kwanso masu faɗi kamar ƙananan kwabbai.
Na murje su a tafin hannu,
iri jaja-jaja ya zubo,
na ƙulle shi a takardar magani, na rubuta suna.

Bana da ruwa ya ɗauke na shuka shi,
layi uku, da igiya da awo.
Biyar suka fito, uku suka mutu.
Amma can gindin randa, inda ruwa ke ɗiga,
inda ban shuka komai ba,
ga su nan sun yi cincirindo.
Asta na tsinka tana kwaɗawa da ƙuli-ƙuli,
ba ta ƙara zancen sefa hamsin ba.

Ni kuwa in na rufe shago da yamma
nakan bi ta ƙasan gada a hankali,
ina duba tsagar taɓo,
da cokali a aljihu.