Rub da Ciki a Sama

Shekara goma sha ɗaya ina taka gadon bayanta da ƙafa,
ƙarfe biyar na asuba, tocila a goshi, sifana a ƙugu,
matakala ɗari biyu da arba'in kafin ƙololuwa.
Daga can ake hango kogin Rhein yana miƙa,
da gonakin inabi, da cocin da agogonta ke makara kullum.
Na san ta kamar yunwar cikina,
kowane noti da ya taɓa saki, kowace gaɓa mai shan giris.
Kujerarta ce dai ban taɓa zama ba.

Wanda ya zana ta birkita duniya ya yi:
dogo a sama, mutane a ƙarƙashi,
rataye kamar jemagu.
Tayoyi uku-uku ke riƙe da ƙarfen,
ɗaya bisa, ɗaya gefe, ɗaya ta ƙasa ta cije,
kada jirgin ya ɗauka tashin na gaske ne.
Ba inji a jikinsa. Sarƙa ke jan sa sama,
abin da ya biyo baya
bashi ne ƙasa ke karɓa.

Ni rabona ragar da aka shimfiɗa a ƙasa.
Da yamma nakan kwashe abin da iska ta ƙwace:
tsabar kuɗi, tabarau, makullin mota,
sau ɗaya haƙoran roba,
sau ɗaya zoben aure da ba wanda ya zo cigiya.

Yau ranar sallamata, ƙarshen Oktoba.
Wiebke mai kulle fasinja ta tare ƙofa:
"Ottmar, kai ka ɗaure ta, kai za ka ɗana.
Ko akwai notin da ba ka gaya mana ba?"
Yara suka yi dariya. Kunya ta fi tsoro ƙarfi.

Na zauna. Rigar ƙarfe ta sauko ƙirji,
mari ya kama idon sawu,
sai kujerar ta tuntsura gaba a hankali
har fuskata ta kalli daɓen da na share dubun sau.
Ga tsagar nan ta siminti da na yi ta cewa zan cike.

Ƙas, ƙas, ƙas, sarƙa tana ƙirga.
Kan bishiyoyi ya wuce ƙarƙashin cikina.
Ba hannu, ba ƙafa, ba matakala,
sai nauyina duka a kan aikin hannuna.

Ta saki.

Ciyawa ta taso za ta mare ni, ta fasa.
Muka nutsa da ka cikin babban lanƙwasan nan
wanda na yi wa fenti sau uku,
na tsinci kaina rigingine, sama ta zauna mini a ƙirji
kamar buhun siminti huɗu,
kumatu suka gudu wajen kunne.
Sannan ta wurgo ni, na zama ba kowa,
na zama iska mai furfura.
Rufin shagon tsiran alade, tafki, agwagwa biyu,
wata mata da lema ja tana ɗaga kai,
duk suka juye, suka dawo.
Ban san lokacin da na buɗe hannuwa ba.

Shekara sha ɗaya kunnena na farautar ƙarar da ba daidai ba.
Yau ban ji taya ba, ban ji dogo ba,
wani tsoho kawai na ji yana kurma ihu,
sai da maganaɗisun birki ya kama mu
na gane muryar.

Minti biyu da 'yan daƙiƙu.
Wiebke ta kwance ni, gwiwoyi suka ƙi gaisawa da ƙasa.
Na laluba aljihu: babu makullin gida.

Yana can cikin raga, ƙarƙashin lanƙwasa ta biyu, na san wurin.
Jannik, sabon yaron, ya ɗauko ƙugiya zai tafi.
Na ce dakata,
daga sama an fi ganinsa.
Wiebke ba ta ce komai ba, ta sake ɗaga rigar ƙarfen.