Sanyin Gwiwa

Ba faɗuwa na yi ba.
Ina gangarowa ne ta bayan injin katako,
kilomita na sha ɗaya, ana yayyafi,
sai ta ce ƙas,
'yar ƙara, kamar an karya tsinken sakace.
Na tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe,
wani kare yana leƙena ta cikin shinge.

Saura mako tara.
Tun Mayu na biya rajista
da kuɗin da aka ware wa rufin kicin.
Murhun nan duwatsu uku ne:
iyo, keke, gudu.
Ɗaya ya tsage, tukunya ta karkace.

Ximena mai gashin ƙashi ta ɗaga hoton ga taga.
Guringuntsi ne, in ji ta, ga tsagar,
ba ta kai bakin farce ba.
Na ce, yaushe?
Ta ce, lanƙwasa.
Na ce, yaushe zan yi gudu?
Ta ce, Eladio, arba'in da takwas gare ka. Miƙe.

Da dare ƙafa a kan matashi biyu,
ledar daskararren wake a kan kumburin.
Rayén ta ce, Baba, ka narkar mana da abincin jibi.
Na yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba.
Da ina jin ana cewa gwiwa ta yi sanyi,
yanzu ni ke ɗora mata sanyin da hannuna,
minti ashirin, sau huɗu.

Asabar ce ba na so.
Su Baltazar kan wuce ƙarfe bakwai,
tayoyi suna zuza kamar zuma ta tashi.
Nawa keken yana rataye a rumfa, kai ƙasa,
kamar ragon da aka feɗe.
Sun kira sunana. Na yi kamar ina wanka.

A mako na uku na yi sata.
Na bari gida ya yi barci, na ɗaura takalmi,
na ce daga nan zuwa gada kawai.
Ban kai turken lantarki na biyar ba.
Na dawo ina dafa katangun maƙwabta.
Da safe Ximena ta taɓa wurin, ta dube ni,
ba ta tambaya ba.
Gara ma a ce ta zage ni.

Ta ba ni igiyar roba ja.
Ni da na haye tsaunuka a kan sirdi
ga ni ina tafiyar ƙaguwa a tsakar ɗaki,
taku goma hagu, taku goma dama,
kyanwa tana bina da ido.

Sai tafki.
Villarrica da asuba, kafin Pucón ta farka,
dutsen can yana busa hayaƙinsa shi kaɗai.
Na jingine sanda a jikin kwalekwale,
na ja gindi a baƙin yashi na shiga.
Ruwan ya sare ni har ƙashi,
amma bai tambaye ni wace ƙafa ce ba.
Ya karɓi nauyina duka,
ita kuma tana biye da ni a baya
kamar ƙanwar da aka ce dole ka tafi da ita.
A nan na yi kukan, cikin tabarau,
wurin da ba mai ganewa.

Takardar ɗage shiga tana kan firiji,
saura sa hannu.
Kullum ina ɗaukar biro, in ajiye.

Yau dai na sauko daga bene,
matakala sha uku, ban kama ƙarfe ba.
A ta tara ta yi magana, na tsaya na saurara,
ba faɗa take ba.
Da na iso ƙasa babu kowa,
buta ce kawai ke tafasa,
rufi yana ɗiga a cikin bokiti.