Waccan

Kakata Ijja ba ta taɓa sayen dashe ba.
Ƙwallon almon take turawa ƙasa da diddige
a gangaren dutse, saman ƙauyenmu a tsaunukan Atlas,
ta yi bisimilla, ta wuce abinta.
Abin da ya tsiro, shi ne rabonta.

Saba'in da uku suka rayu, babu biyu masu kama.
Akwai Mai Gaggawa, mai fure tun sanyi bai sake mu ba,
akwai Takarda, ko yaro ya fasa ɓawonta da yatsa,
akwai Kan Jaki, sai guduma ta yi magana sau uku.
Sai wata can ƙarshen gona, karkatacciya,
mai ɗaci kamar gaskiya da sassafe.
Ita ba a raɗa mata suna ba,
"waccan" kawai ake ce mata.

Sau biyu Kawu Lahsan na wasa gatari dominta.
Sau biyu Kaka na shimfiɗa mayafi a gindinta
ta zauna tsintar tsakuwa a sha'ir
har gatarin ya ji kunya.

Maƙwabcinmu Muha ya tumɓuke na ubansa kaf,
ya kawo masu aure daga birni, iri guda,
dubu a jere kamar sojoji, tsayi ɗaya, hali ɗaya.
Shekara biyar muna leƙen buhunansa ta kan katanga
muna haɗiyar yawu.

Sai daren nan na watan Maris.
Raɓa ta daskare a kan fure.
Na Muha tare suka buɗe ido, tare suka rufe,
da hantsi gonarsa ta yi baƙi kamar an bi ta da wuta.
Namu ma sun sha kashi, ban da ƴan kaɗan.
Waccan kuwa barcinta take yi.
Sai bayan mako uku ta yi miƙa, ta yi fari fat,
ƙudan zuma duk kwarin suka taru a kanta.
Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Labari ya kai Maknas.
Tilila ta zo daga gidan binciken iri,
da ɗan burushi kamar na kwalli, da ambulan, da akwatin ƙanƙara.
Ta kwashi garin fure kamar mai awon zinariya.
Na ce, "Mai ɗacin? Ko akuya ba ta so."
Ta ce, "Jinkirinta nake biko, ba ɗacinta ba.
Gado ba ya zuwa a ƙulli ɗaya.
Zan haɗa ta da mai gardi, in ga abin da ƴaƴa za su ɗauko."

Ɗari huɗu ta shuka.
Ta jira shekara huɗu kafin su ba ta amsa,
ta bi su ɗaya ɗaya, ta ɗanɗana, ta tofar,
har harshenta ya daina sanin shayi.
Rabi sun gaji ɗacin uwa.
Wasu sun yi gardi amma sun gaji gaggawar uba.
Wasu, albasa ba ta yi halin ruwa ba,
ba uwa, ba uba, sai wani kaka da ba wanda ya sani.

Kaka Ijja ta rasu a shekara ta shida.
A ta goma sha ɗaya Tilila ta dawo, da furfura a goshi,
da ɗan dashe mai lamba a wuya: ɗari biyu da tara.
Mai jinkirin fure. Mai gardi.
Muha ne ya fara miƙa hannu.

Kawu ya ce, "To, yanzu an gama da tsohuwar?"
Tilila ta dafa kututturen, ta girgiza kai.
"Tambayar sanyi kaɗai muka yi mata.
Fari na tafe, da cutar da ba ta da suna tukuna.
Wa ya san me ta ɓoye a saiwa?"

Jiya na hau gangaren da ƙwallo bakwai a aljihu.
Diddigena bai kai na Kaka ƙarfi ba,
sai da na taka sau biyu.